Firigon Harisu da Hannun Ubansa

Ranar da firigon ya fara jan Malam Ishaƙu bai gaya wa kowa ba. Ya gama alwalar azahar ke nan a bakin butik, wata mata ta zo sayen yawur, kindirmon leda mai sanyi. Ya miƙa hannu ya kama mariƙin ƙofar, sai ya ji kamar an soka masa ƙaya tun daga kan yatsu har gwiwar hannu. Ya saki, ya duba tafinsa, bai ga komai ba. Matar tana jira, don haka ya sa gefen rigarsa ya buɗe ya ba ta.

Butik ɗin, wato shagon, na ɗansa na fari ne, Harisu, a jikin gidansu a Tasawa, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na shiga tsakar gida. Harisu yana bin kasuwannin ƙauye da kaya, saboda haka tsohon ne ke zaman butik daga safe har magariba tun da aka ɗauko shi daga Korgom bara. Firigon kuwa, wato na'urar sanyaya kaya, sati biyu ke nan da kawo shi daga Maraɗi. Na hannu ne, mai ƙofofin gilashi biyu, ya fi mutum tsawo. Harisu da kansa ya haɗa shi. Kan wayar ƙafa uku gare shi, wurin jonawa na bango kuma rami biyu, sai ya sa wuƙa ya yanke kan, ya cusa wayoyi biyu cikin ramukan ya tokare su da tsinken ashana, ta ukun ya naɗe ta ya bari. Sannan ya tura firigon ya manne da bango don buhunan shinkafa su samu wuri.

Sai da abin ya ja shi sau huɗu kafin ya yi magana, ko da ya yi ma ba kai tsaye ba. Bafillace ne, bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba, bai kuma saba haɗa ido da shi ba. Ya jira har Harisu ya dawo daga kasuwar Mayahi yana sauke kwalaye, sannan ya ce, idonsa na kan titi:

"Ƙarhen ga yana cizo."

"Wane ƙarhe, Baffa?"

"Na ƙohwar sanyi."

Harisu ya aje kwalin da ke hannunsa, ya tako da takalminsa sau-ciki mai kaurin ƙasa, ya kama mariƙin ya buɗe ya rufe. Ya ɗora tafi a jikin firigon ya bar shi nan.

"Ga shi. Mi ya yi mani?"

Tsohon ya ci gaba da kallon titi.

"Jijiya ce, Baffa, shekaru ne. Gobe in sawo maka man shahwawa."

Ya kuwa sawo. Malam Ishaƙu ya karɓa ya yi godiya, ya sa a aljihu.

Cikin satin nan ruwa ya fara tsattsafowa daga ƙarƙashin firigon. Kowace safiya sai a tarar ya kwanta kan siminti har wajen buhunan. Shamsiyya, matar Harisu, uwar 'yarsu Huda, ita ke fitowa da tsumma ta goge. Wata safiya tana durƙushe ta dafa jikin firigon za ta miƙe, sai ta yi baya da ƙarfi har ta ture tiren ƙwai. Ta tsaya tana riƙe da wuyan hannunta. Ta dubi surukinta, shi ma ya dube ta, ta kwashe tsummanta ta shige gida.

Da yamma Malam Ishaƙu ya sake tayar da maganar.

"Yau ya taɓa uwar Huda ma."

Harisu ya leƙa tsakar gida ya kira ta. Ta zo ta tsaya bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Wai hirigo ya ja ki?"

Ita ce ta yi wata uku tana matsa masa ya sayo shi, ta kuma san in ta ce yana da aibi a kanta faɗan zai sauka.

"Kyankyaso na gani, na tsorata," in ji ta.

"To ka ji, Baffa."

Daga ranar ba ta sake fitowa da tsumma ba. In tana son wani abu daga ciki sai ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Baba, a miƙo mani." Goge ruwan ya koma kan tsohon, ba tare da kowa ya ce ya koma ba.

Saura kwana uku a ɗauki azumi, Muddassir mai gyaran firigo da fanka ya tsaya sayen sukari. Malam Ishaƙu ya roƙe shi ya duba masa ƙofar. Muddassir ya zaro turnabis, abin kwance noti, daga aljihu, irin mai ɗan ƙwan fitila a cikinsa, ya dangwala bakinsa a mariƙin. Ƙwan ya kama ja. Ya dangwala a gefe, ya dangwala a sama, ko'ina ja. Ya dubi ruwan da ke ƙasa, ya dubi ƙafafun tsohon cikin silifa, sai ya ce ba zai tafi ba sai mai butik ya zo.

Harisu ya iso da la'asar a gajiye. Muddassir ya nuna masa ƙwan.

"Kuran, wutar lantarkin nan, ya hita daga hanyarsa, yana yawo a jikin ƙarhe. Ko waya ta gogu a baya, ko ɓera ya ci ta. Wayar da ka naɗe ita ce ta ƙasa, ita ke kwashe shi in haka ta hwaru. Sai an kahwa ƙarhe a ƙasa an haɗa ta, a sa kan waya na kirki, a sa abin da ke yanke wuta da kansa. Ruwan nan kuma bututun baya ne ya toshe. Ka manna shi da bango, injin ba ya shan iska. Yau a kashe shi, a kwashe kaya, in jawo shi."

"A kashe shi? Jibi ko gata azumi. Ka ga abin da na zuba ciki?"

"Na gani. Ai aikin ba zai..."

"Na san ku. In kun buɗe abu sai ya kwana bakwai a buɗe, yau babu kaza, gobe sai an aiko daga Maraɗi. Ni kullum ina taɓa shi."

"Da wanga takalmi, a bushe. Shi da jiƙaƙƙen hannu yake taɓawa, yana tsaye cikin ruwa."

"To ya riƙa goge hannu. Bayan salla ka zo."

Muddassir ya maida turnabis aljihu. Kafin ya hau moto, babur ɗinsa, ya matso kusa da tsohon ya ce a hankali, "Baba, kada ka taɓa shi ba takalmi. Kada yaro ya taɓa shi ko da wasa."

Washegari Malam Ishaƙu ya naɗe mariƙin da tsohon rawani. Kwana biyu ya samu sauƙi. A na uku wani mai saye ya tambayi dalilin tsumman a gaban Harisu, da mutumin ya fita Harisu ya kwance shi ya jefa bayan buhuna.

"Baffa, kana so a ce hirigona na da matsala? Butik uku ne a layin ga masu ruwan sanyi. In magana ta hita, wa zai sake shigowa? Don Allah kada ka ce ma kowa komi."

Azumi ya kama cikin tsananin zafi. Tun daga la'asar butik ke cika, yawancinsu yara ne da aka aiko sayen ƙanƙara da ruwan leda da lemu, da yawa ba takalmi, kowa na son ya buɗe ya zaɓa da kansa. Malam Ishaƙu ya jawo bencinsa ya aje a gaban firigon. Duk wanda ya miƙa hannu sai ya tare shi ya ce, "Bari in ba ka." Yaran unguwa suka fara cewa tsohon butik ɗin Harisu masifa gare shi. Shi kuwa a yini sai ya buɗe ƙofar nan sau ɗari. Yakan sa hannun riga, amma rigar ma gumi ya jiƙa ta. Wani lokaci ba ya jin komai. Wani lokaci sai abin ya buga masa har haƙoransa su haɗu.

Kafin azumi ya kai goma yatsunsa biyu na dama sun daina ji sosai. Kofi ya suɓuce masa sau biyu wajen shan ruwa. Ƙirjinsa ya riƙa yin wani irin rawa, ya tsaya, ya sake. In mai saye ya ce "mai sanyi nake so" sai a ga kafaɗar tsohon ta ɗaga kafin ya miƙe. Shamsiyya ta ce wa mijinta azumi ne ke wahalar da Baba, da ya aje ya riƙa ciyarwa. Harisu ya ce hawan jini ne, gado ne a danginsu, kakansu ma haka ya yi.

Ran sha biyu ga azumi ƙanwar Harisu, Hindu, ta zo daga Korgom ta kawo masu nono da gero. Ta zauna a butik tana gaisawa da ubanta, ta ga yadda yake tsayawa gaban ƙofar gilashin yana jan numfashi kafin ya kama. Ta tambaye shi, ya ce ba komai. Ta sake tambaya da Fillanci, sannan ya gaya mata.

Ta tari yayanta a zaure.

"Yaya, mai gyara ya ce a kashe, kai ka ce a bari?"

"Wa ya gaya maki?"

"Ka dubi hannunsa."

"Hindu, wa ke ciyar da shi? Wa ke sai masa magani? Shekara guda yana nan, sau nawa kika zo? Zaman butik ɗin ma don kada kaɗaici ya dame shi na sa shi. Na ce bayan salla, saura kwana nawa? In kin hi ni son sa, ga shi nan, ɗauke shi."

Hindu ɗaki ɗaya gare ta a gidan miji, da 'ya'ya biyar. Duk da haka ta koma butik ta ce wa uban ya tashi su tafi. Ya girgiza kai.

"In na tahi wa zai tsare ƙohwar? Yara ne ke zuwa. Ki koma ɗakinki, kada ki ɓata da ɗan'uwanki saboda ni."

Ta bar masa sabon takalmin roba da ta saya a bakin tasha, ta hau kabu-kabu tana share ido da gefen mayafi.

Ran sha tara ga azumi Harisu yana kasuwar Kona. Ruwan ƙarƙashin firigon ya yi yawa har tsumma ya kasa. Malam Ishaƙu ya yi alwalar la'asar, ya tuɓe takalmi, ya hau tabarma a gefen butik. Bai kai ga tada kabbara ba sai ga Huda, jikarsa mai shekara huɗu, ta fito da gudu daga tsakar gida. Yanzu aka yi mata wanka, ruwa na ɗiga daga kitsonta, ƙafarta ba komai. Uwarta ta ce mata ta je ta ce wa Kaka ya ba ta yawur biyu na fura. Ta ga Kaka zai yi salla, ta ga benci babu kowa, sai ta nufi ƙofar gilashin da kanta.

Ya kira sunanta, ba ta tsaya ba. Taku uku ne tsakaninsa da ita. Ya ture ta da hannun hagu ta faɗa kan buhu, santsin ruwa ya kwashe shi, ya kai hannun dama don ya tsare kansa, ya damƙi mariƙin.

Wannan karon bai sake shi ba. Yatsunsa suka naɗe a jikin ƙarfen, jikinsa ya sandare yana kaɗawa, kwalaben ciki suna karo da juna. Kukan Huda ne ya fito da Shamsiyya. Ta yi kansa za ta ja shi, sai ta tsaya cak. Ta nemi wayar, wayar na bayan firigo, firigo na manne da bango. Ta juya ta ratsa tsakar gida da gudu zuwa zaure inda akwatin wutar gidan yake, ta tarar ya fi ƙarfin tsawonta, ta jawo turmi ta hau, sannan ta sauke makunnin.

Da ta dawo ta same shi kwance a cikin ruwan, ƙafarsa ɗaya ta juya wani iri, tafin hannunsa ya yi fari da layi ɗaya a tsakiya. Yana numfashi. Maƙwabta suka ɗauke shi a amalanke zuwa gidan likita.

Hindu ta iso washegari da hantsi. Ƙashin ƙugunsa ya karye wajen faɗuwa, yatsu uku sun lanƙwashe sun ƙi miƙewa, zuciyarsa kuma ma'aikacin jinya ya ce ba ta bugawa daidai. Harisu na tsaye gefen gado da ledar magunguna. Ma'aikacin ya ɗaga hannun tsohon ya juya tafin.

"Baba, wanga ƙuna ce. Mi ka taɓa?"

Harisu ya riga shi. "Jiri ne ya kwashe shi, azumi yake yi."

"Baba nake tambaya."

Malam Ishaƙu ya maida ido kan rufin ɗakin.

"Hwaɗuwa na yi," in ji shi. "Na dahwa tukunya."

Ma'aikacin ya dubi Harisu, ya dubi Hindu, ya rubuta wani abu ya wuce gado na gaba.

Da azahar Hindu ta tafi gidan ɗebo wa uban kayan sawa. Ta tarar an jawo firigon ya bar bango da kusan kamu biyu, siminti a bushe, sabon kan waya a bango inda ido ke gani, wata waya mai kore da rawaya ta bi ƙasan bango ta fita waje zuwa wani ƙarfe da aka kafa. Firigon na aiki, cike da ruwan leda. Muddassir na durƙushe yana tattara kayansa. Ya gaishe ta, ya tambayi mai jiki, bai ɗaga kai ba.

"Yaushe ka hwara?" ta tambaye shi.

"Da sahe ya kira ni. Wajen ƙarhe tara na zo."

"Har ka gama?"

"Na gama. Ɓera ne ya ci wayar a baya, tana taɓa ƙarhe." Ya ɗaure jakarsa. "Ko ƙanƙarar ciki ba ta narke ba."

Shamsiyya na tsaye bakin ƙofar tsakar gida da Huda a hannu. Hindu ta wuce ta gabanta ta shiga ɗakin tsohon, ta naɗe rigunansa uku da bargo da buta, ta fito.

Da aka sallame shi ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta yi magana da mijinta, aka share rumfar da suke aje kara, aka yi mata danga, aka kawo tsohon zuwa Korgom a bayan mota kwance kan katifa. Bai sake takawa ba. Sai an juya shi, sai an ba shi abinci a baki.

A Tasawa kuwa labarin da ya zaga shi ne tsohon Harisu ya yanke jiki ya faɗi saboda azumi, ɗan kuma ya tsaya a kansa tsayin daka, magani duk wanda aka rubuta ya saya. Har a masallacin unguwa aka yi misali da shi. Butik bai rufe ko yini ɗaya ba, goman ƙarshe ma ya fi kowane lokaci cika.

Ran uku ga salla Harisu ya zo Korgom da moto, ya kawo yadin shadda da sukari da shayi. Ya zauna a ƙofar gida da dattawan unguwa ya ba su labarin jirin, suka sa masa albarka. Ya shiga rumfar ya durƙusa ya gaida uban. Tsohon ya amsa yana kallon danga, ya tambayi Huda, ya tambayi kasuwa. Ba su daɗe ba.

Hindu ta rako shi har wajen moto. Ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Na san ranki a ɓace yake. Amma abin da ya hwaru ya hwaru, ƙaddara ce. Maganar kuran ɗin nan, don Allah ki bar ta a cikinki. Ki ruhwa mani asiri."

"Ban gaya ma kowa ba."

"Na gode."

"Ba ni za ka gode ma ba. Da ta ni ce, da tun a likita na hwaɗa, kowa ya ji. Shi ya hana ni. Ran da ya hwarhwaɗo, kahin ya nemi ruwa, ya ce in rantse ba zan hwaɗa ba. Ya ce kana da iyali, in mutane suka ji za su guji butik ɗinka."

Harisu ya tsaya da makulli a hannu. Ya dubi rumfar, bai koma ciki ba.

Daga cikin danga muryar tsohon ta fito a hankali yana kiran Hindu, gefen da yake kwance ya gaji. Ta juya ta shiga. Ta sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗarsa, ɗaya ƙarƙashin gwiwa, ta juya shi a sannu yana cije leɓe. Tana cikin gyara masa matashi suka ji moto ya tashi.

"Ya tahi?" ya tambaya.

"Ya tahi, Baffa."

"Kin ba shi nono ya kai ma yara?"

"Ban ba shi ba."

Ya rufe ido.

"Gobe ki aika," in ji shi.